Mai Karatun Littafin Gujiya

An turo ni Batsari aikin laburare a lokacin da masu gata ke neman a ɗauke su daga can. Ni 'yar birnin Katsina ce, kuma ranar da na je yi wa mahaifiyata sallama sai da ta tambaye ni wane babba na yi wa rashin kunya a ofis. Ban yi wa kowa ba. Ba ni dai da wanda zai tsaya mani ne, shi ke nan.

Laburaren ɗaki biyu ne da baranda, sai wata tsohuwar darbejiya a bakin ƙofa. Littattafai kam akwai su a kan kantoci, amma gara ta fi kowa karanta su. Masu shigowa ba su wuce ɗalibai masu shirin jarrabawa ba, sai wasu tsofaffin ma'aikata da ke zuwa neman jaridar da ta kwana biyu. Na yi watanni ina kaɗe ƙura ina hamma, har na fara tunanin ko in koyi saƙa.

Abin da ya raya wurin shi ne littattafan saurare. Wata ƙungiya ce ta kawo mana ƙananan rediyoyi masu cin memori, ta kafa mana sola a kan rufi. A cikin kowane memori akwai littafin da wani ya karanta da baki, mutum ya kunna ya saurara. Nan da nan mutanen da ba su taɓa taka barandar ba suka fara sallama. Akwai matan da ba su yi boko ba, da dattawan da idonsu ya mutu, da makiyaya masu rataya rediyon a wuya su bi shanu da shi. Ranar kasuwa ake zuwa aro, a dawo da shi wata ranar kasuwar, wani lokaci da ɗan man shanu ko ƙwan zabi a matsayin na gode. A nan na gane mutanen nan ba karatu suke ƙi ba, takardar ce ba ta yi masu magana.

Matsalar ita ce littattafan da aka kawo ba su da yawa, kafin a je ko'ina kowa ya haddace su. Sai wani malamin firamare ya ce shi zai riƙa karanta mana wasu. Bafulatani ne, dogo, siriri, mai yawan sunkuyar da kai idan yana magana da mace. A wani ƙauye na yankin Ruma yake koyarwa, iyayensa kuma suna can kusa, suna noma suna kiwo. Sai ya ɗauki littafi a wurina, ya je gida ya karanta a wayarsa bayan la'asar, ya dawo mani da memorin. Da yake a tsakar gidansu yake karatun, duk abin da ke motsi a rugar sai ya shiga ciki: zakara, maraƙi, taɓarya, har da ƙarar akuya tana tuna wa duniya cewa tana nan. Na sha tsokanarsa ina cewa ni littafi na ba shi, ban aike shi kasuwar kaji ba. Sai ya yi murmushi ya ce kajin ma masu sauraro ne.

Mutane kuwa nasa suka fi so. Ba ya gaggawa, kuma idan wani a cikin labarin ya yi abin assha sai ya tsaya ya ce Allah ya kyauta, sannan ya ci gaba. Ya karanta mana labarai da tarihi da littattafan addini har kantata ta ƙare. Na ƙarshe da na ba shi wata ƙasida ce ta malaman gona a kan yadda ake shanya gyaɗa da adana ta, wato gujiya a bakinmu na nan. Don babu wani na ba shi ita, shi ma don kunya ya karɓa. Babu wanda ya taɓa aron wannan memorin. Wa zai zauna a koya masa shanyar gujiya a ƙasar da yaro ke tasowa da ita a hannu?

Sai abubuwa suka lalace. Da ma ana taɓawa jefi-jefi, a kore shanu yau, a tare hanya gobe, amma a shekarun nan 'yan bindiga suka mai da abin sana'a. Ƙauyuka suka fara watsewa. Mutane suka riƙa shigowa Batsari da tabarmi da tukwane a ka, aka zuba su a ajujuwan makarantar firamare. Rediyoyina da ke ƙauyuka wasu suka ƙone tare da ɗakunan da suke ciki, wasu aka bar su a guje. Ban tambayi kowa ba. Wanda ya tsira da ransa da 'ya'yansa ba a tare shi da maganar rediyo. Haka duk karatun malamin ya salwanta, domin masu daɗin su ne kullum a hannun mutane. Abin da ya rage a cikin aljihun teburina shi ne littafin gujiya, wanda kowa ya ƙi.

Shi malamin a ƙarshen damina aka ɗauke shi, a hanyar Ruma, yana kan babur tare da wasu mutane. Wayarsa ta tafi tare da shi. Ba a daɗe ba aka rufe layukan waya a yankinmu gaba ɗaya, aka hana shagunan caji. An ce don a toshe wa ɓarayin hanya ne, kuma wataƙila an toshe ɗin, ni ban sani ba. Abin da na sani shi ne iyalan waɗanda ke daji sun rasa ko da mugun labari. A da aƙalla akan kira a tsoratar da kai, ka ji muryar naka yana kuka, ka san yana numfashi. Yanzu sai shiru.

A wannan lokacin barandata ta zama wurin zaman matan da aka zuba a makaranta. Ajin da suke kwana ya yi masu kaɗan, ga zafi, ga kukan yara, mu kuma muna da inuwa da randa. Da hantsi sai su taho, in ɗora rediyo a kan taga in kunna masu abin da ya rage na littattafan ƙungiyar. Ban san ko suna sauraro ba. Ina jin dai sun fi son wata murya ta riƙa magana a kan abin da ba nasu ba.

Wata rana na gaji da maimaita abu ɗaya, na sa littafin gujiya. Nan take aka hau ni da mita. Wata mata mai baki ta ce Malama ta rasa abin sa masu sai gujiya, su da tasu gujiyar ke can tana ruɓewa a ƙasa ba mai zuwa cira. Ta yi gaskiya, na miƙa hannu zan cire. Sai wata 'yar Ruma ta riƙe mani gefen mayafi, ta nuna mani wata tsohuwa da ido.

Tsohuwar tana can ƙarshen baranda, ta ba taga baya, tana ɗinkin faifai. Na saba ganinta, ba ta magana da kowa sai gaisuwa. Fara ce, busasshiya, da zane baƙi da ya koɗe. Allurar tana cikin faifan, hannunta yana kai, amma ba ya motsi. 'Yar Rumar ta raɗa mani cewa uwar malamin ce, kuma shi ne ɗanta na fari. Mijinta ya rasu, shanunsu an kore su tun bara, 'ya'yanta mata suna gidajen aure a warwatse. Na janye hannuna na bar memorin.

Kowa ya san kunyar ɗan fari. Ni ma ba na kiran nawa da sunansa, kuma ba na wasa da shi a gaban surukaina. Amma tamu ta birni wasa ce idan aka gwada da ta Fulanin daji. Wannan tsohuwa tun da ta haifi yaron nan ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta taɓa yabonsa a gaban mutum ba, ba ta taɓa tambayar wani ko ya ci abinci ba. Da aka ɗauke shi, sauran mata suna birgima suna kiran nasu, ita ko tambaya ba ta yi ba. Idan wani ya fito daga daji aka yi masa caa da tambayoyi, ita sai ta tsaya daga nesa tana gyara ɗaurin zane, tana tsintar abin da ya faɗo daga bakin wasu. Ga shi a gari ana yi wa duk mai kama da ita kallon 'yan'uwan ɓarayi, ko hatsi ta je karɓa sai an bi ta da ido. Ɗanta take jira ya fito, kuma ba ta da bakin da za ta faɗa.

A tsakiyar littafin akwai wani wuri da na daɗe ina yi wa malamin tsiya a kansa. Yana cikin bayanin yadda ake gane gujiya ta bushe kafin a zuba ta a buhu, ana jin taɓarya daga nesa, sai dakan ya tsaya. Sai muryar mace ta ce, “Kai!” Shi kuma ya ce, “Na'am, Inna.” Ya ƙara da Fillanci cewa ga shi nan zuwa. Sai ka ji motsin tabarma, ka ji takalmi yana nisa. Ya manta bai tsayar da wayar ba, saboda haka sai a yi ta jin kaji kawai na wani lokaci mai ɗan tsawo. Daga baya ya dawo, ya yi gyaran murya, ya ce, “To, ina muka tsaya?” Na ce masa ya yanke wurin, ya ce shi bai iya yankewa ba, karatu kawai ya iya.

Ranar da muka zo wannan wuri barandar ta yi tsit. Babu wadda ta kalli tsohuwar, har da mai bakin nan. Ita ma ba ta juyo ba. Da ya dawo ya ce ina muka tsaya, sai na ga allurar ta ci gaba da tafiya.

Tun daga ranar ba ta sake fashi ba, kuma ba ta taɓa cewa a sa mata ba. Matan ne suka ɗaukar mata wannan nauyin ba tare da sun yi shawara da kowa ba. Da zarar ta zauna a ƙarshen baranda ta buɗe faifanta, sai wata ta ce, Malama, a sa mana na gujiyar nan, akwai abin da ban gane ba jiya. Gobe wata ce za ta faɗa. Mai bakin nan ma ta riƙa cewa ai ita yanzu ta san ashe duk shekarun nan shirme take yi wajen shanya. Haka matan da aka raba da gonakinsu suka zauna kullum ana koya masu yadda za su adana amfanin da wasu ke can suna ci. Ni kaina na haddace ƙasidar nan, ko a barci aka tashe ni zan kawo ta.

Sau ɗaya tak ta taɓa yin magana a kan abin. Matan sun watse, ina kwashe tabarmi, ita tana tattara zarenta. Ba ta kalle ni ba ta ce, “Maraƙi ne ya kwance ranar.” Na tsaya ina jiran sauran, amma babu saura. Ta yi mani sai gobe ta tafi.

Wannan maganar ce ta ba ni ƙarfin hali. Washegari na ware rediyo guda mai kyau, na cika shi da caji, na sa memorin a ciki, na ja ta gefe na ce ta tafi da shi, nata ne, idan cajin ya ƙare ta aiko a sa mata. Ta dubi rediyon kamar na miƙa mata garwashi.

“In yi mi da shi, 'yar nan?”

Na ce ta riƙa ji a duk lokacin da take so, ba sai ta jira hantsi ba.

“A cikin mutane? A ce ga ta can ta rungume mai karatun? Aje abinki.”

Raina ya ɓaci sosai, kuma ban ɓoye ba. Na ce mata Inna, duniyar ta kife, an ƙone gidaje, an kore dabbobi, mutane na kwana a ajin yara, wa ke da lokacin lura da wadda ta ji muryar ɗanta? Da na ce ɗanta sai ta kau da kai kamar na zage ta. Ta ce abin da aka ƙwace masu ya isa, wannan ɗin ba za ta miƙa da hannunta ba. Na koma ciki ina huci. Har yau ina jin haushin wannan al'ada, kuma har yau ban san abin da zan ba ta amsa da shi ba.

Kaka ta shigo ta wuce, ba a ga hatsi ba sai tsada. Wasu matan suka tafi wajen dangi, wasu sababbi suka maye gurbinsu, su ma aka koya masu dokar barandar ba tare da an faɗa ba. Tsohuwar tana ta ramewa. Faya-fayan da take ɗinkawa ba mai saye, sai ta warware ta sake. Duk lokacin da aka ce wani ya kuɓuto, sai in ga ta zo da wuri ta zauna kusa da masu hira fiye da yadda ta saba.

Labarin ya zo ne ta bakin wani mutumin ƙauyen Karare da aka ɗauke su rana ɗaya da malamin. Ya fito a ƙafa, ƙafafunsa sun kumbura sun fashe, sai da aka ɗauke shi zuwa asibiti. Ya ce malamin ya daɗe da rasuwa. Zazzaɓi ne ya kama shi ga yunwa, ruwan sama yana dukansu a fili. Ya ce su waɗanda aka tsare ne suka roƙa aka bar su suka tona rami da itace suka rufe shi. Da aka lissafa sai aka ga tun kafin in fara sa littafin gujiya a baranda ya riga ya kwanta. Duk zaman nan da muka yi, mamaci ne ke yi mana karatu.

Maza suka yi masa salla ba gawa. Aka shimfiɗa tabarma a wani aji ana karɓar gaisuwa, na je. Tana zaune a miƙe, idonta a bushe, duk wanda ya yi mata ta'aziyya sai ta ce Allah ya ji ƙan musulmi, kamar wani baƙo ne ya mutu a unguwa. Tsofaffi suna ta yaba mata, ana cewa haka ake son 'ya mace. Ni ce na kasa, na fashe da kuka a gabanta, ita ce ta dafa ni tana cewa in yi haƙuri, ai na rasa mai yi mani karatu. Na fito ina jin kamar in kama wani da duka, ban san wa ba.

Bayan nan ta ɗauke ƙafa. Matan ma ba su sake neman na gujiya ba, na cire memorin na mayar aljihun tebur.

Ranar wata Juma'a ta dawo, daidai lokacin da maza suka tafi masallaci, baranda ba kowa. Ina shirin rufewa na ji sallama. Ba ta tsaya a wurinta ba, ta cire takalmi ta shigo har cikin ɗakin, abin da ba ta taɓa yi ba. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi maigidana da yara da mutanen Katsina da ba ta sani ba. Sannan ta ce ƙanenta ya zo, gobe zai tafi da ita wajen dangi can bayan Zakka, ta ƙasar Safana. Na yi mata addu'ar sauka lafiya. Ta dubi kantocin littattafai.

“Sa mani shi,” ta ce.

Na ɗauko rediyon na ajiye a kan benci. Ta zauna a ƙasa, wannan karon ta fuskance shi, ta ɗora hannayenta a kan gwiwa. Babu faifai, babu allura. Ya yi bisimilla ya fara, zakara ya yi cara a inda ya saba yi. Muka bi shi ta zaɓen iri, ta cira, ta shanya a kan daɓe. Ni ina tsaye a bakin ƙofa ina leƙen waje kada wani ya shigo. Aka fara jin taɓarya daga nesa, na san mun kusa.

Dakan ya tsaya. A daidai inda muryarta ta cikin rediyo ke cewa kai, sai ta buɗe baki ta kira sunansa. Ba da ƙarfi ba, amma ya danne waccan muryar. Sunan ya fito mata a karkace, kamar kalmar wani yare da ba ta saba da shi ba. Ba zan rubuta shi a nan ba, nata ne.

“Na'am, Inna,” in ji shi.

Ya ce ga shi nan zuwa. Tabarma ta motsa, takalmi ya yi nisa, kaji suka ci gaba da tonon su. Hawaye suka zubo mani, ban ko share ba. Ita fuskarta ba ta canza ba.

“Kashe shi nan, 'yar nan.”

Na ce bai gama ba, Inna, yanzu zai dawo ya ci gaba.

“Na sani. Bar shi nan, ya taho wurina.”

Na kashe. Ta daɗe a zaune, sannan ta dafa benci ta miƙe, ta sa takalmanta. Ban sake yi mata tayin rediyon ba, ita ma ba ta dube shi ba. Ta yi mani godiya a kan inuwa da ruwan randa, ta fita kafin a taso daga masallaci. Ban sake ganinta ba, ban kuma sami wanda ya san inda ta ƙare ba.

Daga baya aka ba jami'an tsaro ɗakunan laburaren su zauna, aka ɗaure littattafan a buhuna, ni kuma aka mai da ni Katsina. Memorin yana wurina. Nakan sa shi wani lokaci idan gida ba kowa, in ji zakaran da taɓaryar, amma tun daga ranar nan ban taɓa bari ya dawo ya tambayi inda muka tsaya ba.